Ƙafar Surukina

Kafin aure ya kawo ni ƙauyen nan na gefen Bagwai, sana'ata gyaran ƙafa ce. A Bacirawa na koya, a shagon wata Hajiya da iyayenta suka zo daga Barno tun ba a haife ta ba. Ita ta fi ƙwarewa a dilka da lalle, ni kuwa ta ɗora ni a kan ƙafa, wai don ba ni da ƙyanƙyami. Gaskiyarta. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge kaushi da dutse, a yanke farce a miƙe don kada ya nutse cikin nama, a buɗe tsakanin yatsu a duba, a tsane, a shafe da man kaɗanya. Amare kan zo don kwalliya, amma waɗanda suka riƙe shagon tsofaffin mata ne masu ciwon suga, waɗanda asibiti ya gargaɗe su kada su kuskura su sa wa kansu reza. A kansu na koyi cewa ƙafa tana iya fara mutuwa mai ita yana zaune yana hira.

Da kayan aikina na tare. Matan ƙauyen suka sha dariya, wai yanzu har wankin ƙafa sai an nemi gwana? Amma da Sallah ta matso sai ga su ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana ɓoye dugaduganta a ƙarƙashin zane. Na gyara ƙafar matar liman, na gyara ta mai ƙosai, na gyara ta waɗanda suka fi kowa yi mini dariya. Ƙafa ɗaya ce a garin nan ta fi kowacce bukatar hannuna, kuma a gidanmu take. Ta Baba ce, mahaifin mijina.

Baba manomi ne na gaske, irin waɗanda ba sa yarda yaro ya riga su fita. Gonarsa tana bayan dangar gida, gero da dawa da ɗan layin gyaɗa, a matse tsakanin gonakin 'yan'uwa. Ya daɗe da ciwon suga, maganin kuwa sai ran da ya tuna. Abin alfaharin gidan shi ne ƙaya ba ta kama shi. Za ka ji ana cewa, “Ai Baba ko kan ƙaya ya taka ko a jikinsa, ƙafarsa ta zama ƙirgi.” Ranar da na fara jin wannan yabo na gane akwai matsala. Na san ba tauri ba ne. Ƙafar ce ta daina ji.

To amma ni matar ɗansa ce, kuma ɗan fari. A gidan nan Baba ko sunan mijina ba ya kamawa, sai dai ya ce “wancan”. Ni kuwa ba na cin abinci inda zai gan ni, ba na ɗaga murya in yana gida, ba na ratsa zaure in yana ciki. Gaisuwar safe ce kaɗai take haɗa mu. In durƙusa daga nesa, in sunkuyar da kai, in ce, “Baba, ina kwana.” Ya ce, “Lafiya lau, Allah ya yi albarka,” yana kallon katanga. Wanda ya sunkuyar da kai gaban mutumin da ke zaune a tabarma, me zai gani in ba ƙafa ba? Kunyar da ta hana ni kallon fuskarsa ita ta ɗora idona a kan ƙafarsa kullum safiya. Na san ta fiye da yadda shi ya san ta. Na san farcen babban yatsa da ya lanƙwashe, na san fason da ya tsaga dundunyar dama.

Wata safiya na ga fason a ɗinke da baƙin zare. Haka mazan nan suke yi in dunduniya ta tsage da zurfi, su sa allura su ɗinke abarsu, su ɗiga narkakken kitse a kai, su tafi gona. Mai lafiya yakan yi ya kwashe lafiya, domin in allura ta kai nama zai ji ya janye. Baba ba zai ji ba.

Na samu maigidana na ce, “Malam, ƙafar Baba ba ta yi mini ba. Ka bar ni in kwance ɗinkin nan in wanke masa, tun abin bai yi nisa ba.”

Ya dube ni kamar na ce a cire rufin ɗaki. “Ke, kina da hankali kuwa? Ni da ba na iya zama tabarma ɗaya da shi, in je in ce ya miƙo wa matata ƙafa?”

“To ka gaya wa Inna.”

Ya gaya wa Inna, mahaifiyarsa. Inna ta gaya wa Baba. Maganar da na aika da ita a kan ruɓewar nama da yankan ƙafa, kafin ta ratsa baki biyu ta isa zaure ta koma “yarinyar nan ta ce ka riƙa shafa mai”. Amsa ta biyo hanyar da saƙo ya bi. Wai Baba ya yi dariya ya ce a gaya wa 'yar birni ya gode, amma ƙafar manomi ba ta amarya ba ce. Ranar na yi dakan gero kamar zan fasa turmin, don ba ni da wanda zan yi wa faɗa. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Gyaɗar fari in ta nuna, ni yake fara aiko wa.

Na ce to, tunda ni ba dama, bari in koya wa Inna. Na zaunar da ita na gwada mata a ƙafarta. Ta ji daɗi har da gyangyaɗi. Amma idonta ya yi yana, ba ta bambance kaushi da rauni, hannunta kuma na kankare tukunya ne. Sau ɗaya ta gwada masa, Baba ya ce ruwan ɗumi na masu jego ne, ya tashi ya bar ta da roba.

Damina ta faɗi. Takalmi yana kafewa a taɓo, don haka Baba ya cire ya rataye, ya shiga huɗa da ƙafa tsirara kamar kowace shekara. Kullum safe ina durƙushe ina kallon abin yana tafiya. Zaren ya nutse, gefen dunduniyar ya kumbura yana sheƙi. Daga nan aka ɗaure da tsumma. Daga nan ƙudaje suka fara bin tsumman. Na sake aikawa a kai shi asibiti, aka ce sai an gama noman farko. Aka gama, aka ce sai an yi maimai. Maimai kuwa ba da shi aka yi ba, domin zazzaɓi ya kwantar da shi.

Sai a lokacin Inna ta zo ɗakina da hantsi, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. Ta ce, “'Yar nan, ɗauko kayanki. Na shawo kansa. Amma ba za ki shiga ba, shi ma ba zai fito ba.”

Dabarar da ta yi ita ce ta saki asabarin ƙofar ɗakinsa. Baba yana kwance daga ciki, ni ina tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno, sai ga ƙafa ta fito ta ƙarƙashin asabari. Na kwance tsumman, warin ruɓaɓɓen nama ya buge ni. Ban taɓa ganin irinta a shago ba, domin masu irinta ba shago ake kai su ba. Dunduniyar ta buɗe, yatsu biyu sun yi baƙi, kuma da na riƙe su sai na ji su da sanyi kamar gindin randa. Na ɗaga kai na dubi Inna. Ta ce, “Yaya?” Na mayar da idona kan ƙafar.

Duk da haka na yi aikina, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Ban taɓa raunin da dutse ko almakashi ba. Na wanke kewayensa a hankali, na yanke farcen yatsun da suka rage da rai, na tsane, na shafa mai a sawun, na rufe da tsabtataccen ƙyalle. Hawaye yana ɗiga a robar, ina gogewa da kafaɗa. Daga ciki na ji Baba yana ce wa Inna, “Wai ba ta fara ba ne har yanzu?”

Da yamma na ce wa maigidana in bai nemo mota gobe ba, ni zan fita in nemo, kowa ya gan ni. Ya nemo. A asibitin birni suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kafin a sallame su likita ya ja kunnensu, ya ce wadda ta rage ita ma ba ta ji, dole a samu wanda ya iya ya riƙa duba ta yana gyara ta a kai a kai, in ba haka ba hanyar 'yar'uwarta za ta bi. Maigidana ya dawo mini da wannan magana har da ɗan murmushi, ya ce yanzu kam ai ba gardama, tunda likita ne ya faɗa.

Na bari Baba ya huta, 'yan dubiya suka ragu. Sannan na ɗora ruwa, na jera kayana a faranti, na aika a gaya wa Inna na shirya. Ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo ba ta dubi farantin ba.

Ta ce, “Ki yi haƙuri, 'yar nan. Ya ce shi bai ga laifinki ba, laifinsa ne. Ya ce tsawon rayuwarsa sau ɗaya ya yi abin kunya, ya miƙa wa matar ɗansa ƙafa, kin ga abin da ya biyo baya. Wadda ta rage, ya ce a bar masa abarsa.”

Ban sake aikawa ba, don maganar ta riga ta zaga gari, wai taɓawar da na yi ce ta jawo aka yanke ƙafar, har matan da ke zuwa wurina sun ragu. Yanzu Baba a zaure yake yini da sandunansa, yana kallon yara suna tafiya gonarsa. Makon jiya na bi ta bayan zauren zan kai wa awaki dusa, na ji wani wari da na sani.