Malam Muttaƙa da Teburin da Ya Juya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2008, Malam Muttaƙa Alkasum, mai kula da ɗakin karatu na jama'a a Birnin Ƙonni, ya rasu bayan gajeriyar jinya.

Malam, da aka kawo kwamfuta guda mai intanet ɗakin nan, tsakar ɗaki aka girke ta. Ka san halinmu: mutum na karanta saƙonsa, a yi sallama a tsaya bayansa, a taya shi karatu, har a gyara masa amsa. Korar wanda ya yi sallama kuwa rashin kunya ce. Ba ka kori kowa ba. Teburin ka juya, bayan mai zama ya manne da bango. Muka ce rowa ce, ni da kaina na faɗa.

Waɗanda ba su shiga lakwal ba, wato makarantar boko, kai ne idonsu da yatsunsu. Direbobin siminti na Malbaza, tsofaffi daga ƙauyukan Illela, su faɗa maka a kunne ka rubuta, amsa ta zo ka karanta musu ƙasa-ƙasa. Kalmomin sirrin buɗe akwatunan saƙonsu na intanet a kanka ka riƙe, ba ka rubuta ko ɗaya ba.

Ranar addu'ar uku wata dattijuwa, Inna Saratu, ta iso daga Illela. Da bakinta ta gaya wa mata cewa ɗanta yana Libiya, ba shi da waya, ta akwatin da ka buɗe mata kaɗai take jin yana raye. Ta matsa kusa da mai ɗakinka, Nasiba.

"Ɗiyata, bai bar maki kalmar ba?"

"Wallahi Inna, ko sunanki bai taɓa hwaɗi mani ba."

Tsohuwar ta ce alhamdu lillahi, sannan ta yi kuka. Har yau ba a buɗe akwatin ba, kuma ɗan bai san babu mai karantawa ba. Na rasa ko in yaba maka ko in yi maka ƙorafi. Abin ya tsaya mini a rai.

Ina miƙa ta'aziyya ga Nasiba da 'ya'yanku, Mahfuz da Rahama, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya sada Inna Saratu da ɗanta. Yadda ka rufa wa bayinSa asiri, Ya rufa maka naka ranar da babu bangon jingina.