Kwalin Mama Saratu a Tashar Klang

Setapak

Gari bai waye ba na fito daga ɗakina a Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur, rungume da wani kwali da ban san abin da ke cikinsa ba. Na gama karatu, zan koma gida Bukuru, kuma tuni motar masu aika kaya ta kwashe nawa kayan zuwa sito a Port Klang, garin tashar jiragen ruwa. Ranar nan za a rufe kwantenar da za ta kai kayan gida. Sai a jajibiri Mama Saratu, dattijuwar cocinmu mai ciyar da mu tuwo duk Lahadi, ta kawo min kwalin nan, an naɗe shi da salatif kamar ƙafar mai karaya.

"Ɗana, haɗa min da naka. Za a zo a karɓa a Jos."

Kun san halinmu: saƙo amana ne, wanda ya buɗe saƙon babba ya zage shi. Amma ƙasar nan ba gida ba ce. In aka sami ƙwaya a kaya, mai sunan da ke jikin kwalin za a nema, hukuncin kuwa yana iya kai mutum ga igiya. Sunana ne zai hau kwalin nan, shi ya sa ban yi barcin kirki ba.

Cikin jirgin ƙasa

A babbar tashar Kuala Lumpur na canja jirgi. Wasu 'yan sanda biyu suka bi ni da ido, na ƙanƙame kwalin, ashe ma ba ta ni suke ba. Tafiyar ta fi awa guda. Na ɗora kwalin a cinya, in jijjiga, in sunsuna, har wata mata ta ja ɗanta suka sauya kujera. Ban ga laifinta ba, ni ma da ni ne haka zan yi.

Port Klang

Nan layin dogo ya ƙare, daf da ruwa. Iskar wurin warin laka ne da gishiri da baƙin mai. Na sha shayi da roti, wata irin gurasa, a shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, sannan na tari tasi. Direban wani tsoho ne Ba'indiye mai surutun tsiya. Tun ina zargin zagaye yake da ni don mitarsa ta hau, har na saki jiki na saurare shi.

Ya ce da can duk wurin nan fadama ce. Turawa suka jawo dogo suka kafa tasha don fitar da kuza da roba, suka sa wa garin sunan wani babbansu, sai bayan 'yancin kai aka canja. Zazzaɓin sauro ya kusa korar kowa kafin a haƙa magudanan ruwa. Na ce masa kuza ai gadonmu ce, ramukanta na nan a bayan gidanmu. Ya yi dariya ya ce to ashe ubangida ɗaya muka yi wa bauta.

Ya nuna min tsofaffin shaguna, rabinsu a rufe. Kakansa da mahaifinsa duk dako suka yi a tsohuwar tasha, lokacin ma'aikatan jirgi na kwana da kwanaki a gari suna kashe kuɗi. Da kwantena ta zo, aka gina sababbin tashoshi can nesa, ƙugiyoyin ɗaga kaya suka karɓe aikin 'yan dako.

"A zamanin babana, kowane buhu sai ya hau bayan mutum, ka san abin da ka ɗauka," in ji shi. "Yanzu akwatin ƙarfe ne kawai." Sai ya dubi kwalin ta madubi. "Naka ne?"

"Na mamana ne."

Ya kawar da kai ya ci gaba da tuƙinsa har muka isa.

A sito

Mai kula da siton ya miƙo min alƙalami in rubuta sunana a jikin kwalin. Na tsaya, na ce ya ara min wuƙa. Na yanka salatif ɗin ina jin kunya kamar Mama na tsaye a kaina. Takalman yara ne, da man zafi, da fakitocin kofi da yawa. Na yage guda ɗaya, kofi ne. Na ce a raina, kai Ishaku, ka ji kunya, matar da ta ciyar da kai kake wa wannan? Ban taɓa sauran ba. Na rubuta sunana, a gabana aka tura kwalin ciki aka danna wa kwantenar hatimi.

Komawa

La'asar sakaliya na iso Setapak, na zarce gidan Mama don in sauke nauyi. Ta zubo min tuwo da miyar kuka.

"Mama, ki yafe min, na buɗe kwalin."

"Ka buɗe?" Ta dafe ƙirji. "Kai, madalla, Allah ya yi maka albarka. Me ke ciki?"

Na mayar da lomar da na yanko. "Ba naki ba ne?"

"Ina fa. Wani yaro ne da ya fara zuwa coci kwanan nan ya roƙe ni, wai na 'yan'uwansa ne. Na ji nauyin in buɗe masa saƙo. Na ce kai mai ilimi ne, za ka san yadda za ka yi."

Na nemi lambar yaron, ta ce ba ta da ita. Na kira mai sito, ya ce kwantenar ta riga ta shige ƙofar tasha, ba mai iya taɓa ta sai ta sauka a Legas.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Mama da tuwon da na kasa ci. Kofi ɗaya na yage a cikin kwalin nan, sauran suna kan teku da sunana. Ku sa ni a addu'a.