Sikelin da ke hannun Magajiya

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk namijin da ya sauko daga mota mai baƙin gilashi nemana ya zo, na yi aikin akawu a wani kamfanin man kaɗanya a unguwar Choggu. Kamfani dai a suna. Doguwar rumfar kwano ce, da injin niƙa ɗaya, da mata ashirin da huɗu masu bugun kaɗe da hannu, sai ɗan ofis inda nake zama da littafin soyayya a ɓoye cikin fayil. Wata uku-uku ake sabunta mini takardar aiki. Watan farko in yi murna, na biyu in fara zullumi, na uku kuwa ko ƙofar manaja ce ta yi ƙara sai in zabura.

Abin haushin, ina son aikin. Ina son ƙamshin ƙwarar da aka soya, da yadda ƙullin yake farawa da launin ƙasa, mata su yi ta bugunsa da ruwa har farin mai ya taso kamar gajimare. Da rana mu ci wake da shinkafa a gindin darbejiya, suna tsokanata wai Akawu ba ta da miji sai na cikin takarda.

Wata Litinin manaja ya kira ni. Ya ce masu sayen man daga waje sun rage oda, dole a sallami mata takwas. Ya sayo sikeli. Kullum bayan la'asar kowace mace ta kawo bahonta in auna, ƙarshen wata in ba shi sunayen takwas ɗin da mansu ya fi ƙaranci. Na fara cewa ai tsofaffin ne za su faɗi, ya katse ni, ba da faɗa ba. Ya ce in babu sunaye, da akawu zai fara, don aikina shi ma zai iya. Idonsa jawur. Daga baya na ji shi ma takardarsa ta wata shida ce.

Daga ranar na daina zuwa gindin darbejiya. Yaya zan sa hannu a kwano ɗaya da matar da zan rubuta sunanta? Kaina ya riƙa ciwo. A gidanmu na unguwar Zogbeli na zama mai tsawa a kan abin da bai kai ba, har mahaifiyata ta zaunar da ni ta tambaya ko wani ne ya yaudare ni. Wallahi na so a ce hakan ne, don wannan ciwon na san babinsa. Littattafan ma suka daina daɗi. Saurayi zai durƙusa ya miƙa zobe, ni kuma allurar sikeli nake gani. Kuma na san wadda za ta fara faɗuwa: wata tsohuwa mai rawar hannu da ke riƙon jikoki uku, wadda take ajiye mini gyaɗa a bakin zaninta.

Satin farko ya ƙare, na duba takardata na kasa ganewa. Kowane baho nauyinsa ɗaya da na sauran. Mai ƙarfin cikinsu, wadda da take yin na mutum biyu, daidai take da tsohuwar mai rawar hannu. Na ce sikelin ya lalace. Na ɗora buhun sukari, ya faɗi gaskiya. Na rufe ƙofa na hau da kaina, ya faɗa mini gaskiyar da ban tambaya ba. Sati na biyu ma haka.

Ashe abin a gabana ake yin sa, tsoro ne ya dunƙufar da kaina a kan takarda. Shugabar matan, wadda muke kira Magajiya, tsohuwa ce 'yar ƙabilar Dagomba. Tun da aka kawo sikelin ta mayar da 'yar kujerarta bakin hanyar ofis. A al'adarsu ƙarami ba ya wuce babba a tsaye. Kowace mace in ta iso sai ta sauke bahonta, ta tsugunna, a yi ta gaisuwa ana amsa "naa, naa". Ni har haushi nake ji, wai suna ɓata mini lokaci. Ranar da birona ya faɗi na sunkuya, na hango ta ƙasan tebur. Bayan gaisuwa Magajiya ta kama bakin bahon da hannu biyu kamar za ta taya ɗorawa a ka. Ta riƙe shi a sama na numfashi ɗaya. Ta sauke, ta yanko mai cikin tafinta ta jefa a ƙwaryar da ke ƙarƙashin mayafinta. Ta bayanta ta zo, Magajiya ta ɗaga nata, ta ƙara mata daga ƙwaryar. Mata ashirin da huɗu, kullum, da hannu kawai, kuma ƙarfe bai taɓa kama ta da kuskure ba.

Ta ga na gani. Ba ta ko ƙifta ido ba.

"Akawu, 'yata," ta ce, "rubuta abin da ƙarfe ya gaya miki."

Sati biyu na yi ina juya abin. In na tona, aikina ya tsira. A littattafaina a nan ne mota take tsayawa a ƙofa. Babu motar da ta tsaya. Ranar ƙarshe na miƙa wa manaja takarda babu suna ko ɗaya, na ce masa abin da sikeli ya nuna ke nan.

Ya daɗe yana kallon takardar. Da la'asar ya fito da kansa ya tsaya, ya ga baho uku sun wuce ta hannun Magajiya, ya gane. Ya nufe ta da saurinsa, amma shi ma ɗan Dagomba ne. Yana isa gabanta gwiwarsa ta lanƙwashe da kanta, da takalminsa mai sheƙi da komai. Ta yi masa magana da Dagbani, yarensu, a hankali, ban ji duka ba. Na dai ji yana ta "naa".

Ba a sallami kowa ba. Kwanakin aiki aka rage, kowa uku a sati, har da ni, na tsawon wata biyar. Mun ji jiki, ba zan yi muku ado ba.

Daga baya na tambayi Magajiya yadda hannu yake sanin nauyi haka. Ta kama tsintsiyar hannuna ta ɗaga kamar yadda take ɗaga baho.

"Wannan ma ya ragu," ta ce. "Tun ranar da aka kawo ƙarfen nan kike raguwa. Zo ki ci abinci."

Na bar kamfanin tuntuni, kuma har yau aikin kwantiragi nake yi, har yau ina zullumi in lokacin sabuntawa ya matso. Abin da na gane shi ne tsoron rasa aiki ya fara raba ni da daɗin aikin da mutanen cikinsa tun ba a kore ni ba. Wata guda ina auna su, ban san akwai mai auna ni ba. In na shafa man kaɗanya da safe, nakan tsaya in riƙe tsintsiyar hannuna, in ɗaga, in gwada ji. Ni ban taɓa jin komai ba.