Maganaɗisun Tela

Tun da bayan Tela ya riƙe, duk abin da ya faɗi ƙasa a shagonsa ya zama na ƙasa. Allura ce kawai ke dawowa, don ya ɗaure maganaɗisu a zare yana jefawa kamar mai kamun kifi. Alli da guntun yadi kuwa nan suke kwana. Bai damu ba. Ya daɗe bai damu da komai ba. Ya buɗe shago, ya zauna, rana ta bar ƙofa, ya rufe.

Babban ɗansa ya ce, "Baba, kawo makullin nan ka dawo wurinmu ka huta." Tela ya ce zai duba.

A asibiti aka tura shi wurin wata likitar gashin ƙashi. Ya zaci ƙwaya za ta ba shi, sai ga tambaya.

"Baba, in ka sunkuya me zai faru?"

"Ya tsinke mana."

"Wa ya gaya maka?"

"Shi bayan."

"Hoton da aka ɗauka bai nuna abin tsinkewa ba. Ciwon gaskiya ne, amma tsoron ya fi shi ɗaure ka. Keken ɗinkin da aka daina takawa, yaya yake?"

"Cijewa yake."

"To."

Ta sa shi sunkuyo kaɗan-kaɗan, hannu a gwiwa tukuna, sannan ƙasa da gwiwa, yana numfashi a hankali. Maganaɗisu kuma ta ce a bar shi gida. Da ya koma shago, mai aski na maƙwabta ya leƙo ya ce, "Masunci, yau ina ƙugiyar?"  Tela dai yana yin abin da likitar ta ce, ba don ya yarda ba.

Ranar da ɗan ya zo karɓar makulli, Tela yana kan ɗinkin rigar wani. Maɓallin ƙarshe ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin keke. Ɗan ya yunƙura.

"Bar shi."

Tela ya dafa gwiwa, ya sauka, yana jiran tsinkewar. Ciwon ya zo, irin na kullum, bai ƙara ba. Ƙasan duk ƙura, ga allinsa na bara a kusurwa. Ya ɗauko su biyun, ya miƙe.

Murna ba ta zo masa ba. Ya dai hure maɓallin, ya zura zare.

"Baba, makullin fa?"

"Ka gaida yaran," in ji Tela. "Ina da aiki gobe."