Fim Ɗin Da Ya Kwance Kayan Maƙwabcina

Har in koma ga Mahaliccina, wata la'asar a Kafanchan ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ba a daɗe da rikicin da ya raba garinmu ba. Maƙwabcina, wani dattijon Ibo da ya yi ritaya daga reluwe, ya ɗaure kayansa zai koma kudu. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma tun bayan rikicin gaisuwa ma na rage masa. Bai yi mini komai ba. Tsoron bakin mutane ne, Allah ya yafe mini.

Ranar sai ya leƙo zaurena. "Malam, zo ka ga fim kafin na saka bidiyo a kwali. Ba rawa a ciki, kar ka ji tsoro."

Na zauna kan katifar da ya naɗe da igiya, yana fassara mini Turancin da Hausarsa. Labarin wani birni ne na Yunan a zamanin da. Mutanen birnin sun yaƙi juna, sannan suka taru a dandali suna gardama. Wasu na cewa a kori waɗanda aka ci da yaƙi, wasu na cewa a yi rantsuwa ba za a ƙara tayar da maganar ba.

Ya tsayar da kaset. "Malam, kai mai karatu ne. Rantsuwa zai iya riƙe gari?"

Sai na tuno wani bayani da malaminmu ya yi mana, wanda na rubuta da ajami a gefen littafi. Na ce masa masu hikimar Yunan ɗin nan sun yi nazarin wannan. A ganinsu doka tana hana zalunci, amma zumunci ne ke riƙe birni, domin ko adalai ba sa wadatuwa da barin aminai.

Ya dube ni. "To, ina nawa amini ya shiga wata biyar?"

Na kama hannunsa, hawaye suka zubo mini. Ba mu ma ƙarasa fim ɗin ba. Can ya ce, "Tashi mini a kan katifa." Ya sunkuya yana kwance igiyar, na kama masa ɗaya bakin.

Ya ƙara shekara tara a gidan nan, kuma har ya rasu ban sake wuce ƙofarsa ban yi sallama ba. Daga ranar na gane cewa ilimin da na bari a gefen littafi bai amfane ni ba, sai da na tsallaka da shi ƙofar maƙwabci.