Layar da ta zo daga Bahia

Karatun tarihi ya kai ni Doha. Bincikena a kan tawayen bayi ne a Bahia ta ƙasar Brazil, inda Hausawa da sauran Musulmi suka yi ta ɗaukar makami a zamanin da sarautu ke rushewa a duniya. Ina shirin zuwa ganin takardunsu sai korona ta rufe ko'ina. Shekara biyu na yi a ɗakina na unguwar Al Mirqab ina lallaɓa hotunan da wasu suka ɗauka, malamata kuwa kullum maganarta ɗaya: ina sabuwar hujja? Ba ni da ita, ga wa'adina ya kusa cika.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, gari ya cika maƙil. Wata la'asar ina shan shayin karak, wani dattijo baƙar fata mai rigar Brazil ya zauna kusa da ni, ya nuna hulata yana tambayar ƙasarmu. Da Turancinsa guntu-guntu da fassarar waya muka daidaita. Jin abin da nake karantawa ke da wuya, ya zaro igiya daga wuyansa. Laya ce, fatar ta yi baƙi ƙirin, ɗinkin irin na dukawanmu sak. Ya ce shi ɗan Bahia ne, layar ta kakar kakarsa ce, kuma a gidansu an ce rubutun Larabci ne a ciki.

"Buɗe ka karanta mini," in ji shi. "Sunanta na asali nake nema, da na garinsu."

Wallahi kwaɗayi ya kama ni. Takarda ce da babu wani mai bincike da ya taɓa gani, ga ta a tafin hannuna. Na aro ɗan almakashi wurin mai shayin, har na datse zare ɗaya. Dattijon ya matso da kujerarsa yana goge gilashinsa, shi a dole yau zai ji sunan kakar kakarsa.

Ni kuwa na san abin da ake rubutawa a laya, don gidanmu na malamai ne. Kunya ta rufe ni, na ajiye almakashin.

"Baba, gara in faɗa maka gaskiya. Da wuya a sami sunan gari a nan, nata ma ba lalle ba. Ayoyi ne da addu'ar neman tsari. In kuma na buɗe, takardar na iya marmashewa."

"Tsari daga me?"

"Daga ƙarfe, daga ruwa, daga mugun mutum."

Ya daɗe yana kallon zaren da na yanke. Sannan ya karɓi layar ya mayar cikin rigarsa, ya dafe wurin da hannu.

"Ashe tsoro take ji," ya ce. "To a bar mata abinta."