Motar da Aka Ɗaga wa Hanci

Duk mai saniya ko doki a yankin Llano ya san Verna Tackett. Ita ke kai dabbobin mutane kasuwa a a-kori-kurarta, da tirelar dabbobi ɗaure a baya, tun tana budurwa har ta yi furfura, kuma ba a taɓa sauke dabba da ko ƙwarzane daga hannunta ba. Ba ta da fara'a. Abu ɗaya take yi wa murmushi: Biskit, tsohuwar goɗiyar da mahaifinta ya bar mata.

Ciwon kanta mijinta ne, Royce. Mazan garin suka tsiro da wani yayi, wai abin kunya ne gaban mota ya fi bayanta ƙasa. Wata Asabar Royce ya tara abokai, aka gasa nama, aka sha giya, aka cusa wa motar Verna zoben ƙarfe a ƙafafun gaba, hancinta ya ɗago. Ka ji aikin banza! Motar neman abinci fa, ba ta gayu ba.

"Ka kai ta gareji a yi mata saitin ƙafa," in ji Verna. "Sitiyarin sai fizgata yake."

"Haba uwargida! Ubana bai taɓa barin wani ƙato ya taɓa motarsa ba. Na ja zare na auna ƙafafun, na duba da idona, cif take."

"Idon naka da ko kwandon shara ba ya gani?"

Da ta matsa masa, sai ya ce ai ya kai. Ƙarya yake shararawa.

Taya kuwa ta gefen ciki take ta cinyewa, inda ido ba ya kaiwa. Ranar da Verna ta ɗauki Biskit zuwa wurin likitan dabbobi, a gangaren gada tayar gaba ta fashe, tirela ta kife. Verna ta fito lafiya. Biskit ta karye ƙafa biyu, tana ta shure-shure. Verna ta ɗauko bindigar da ke bayan kujera, ta raba ta da wahala da hannunta.

Royce ya iso a sukwane. Motar ya fara zagayawa, yana shafa gabanta.

"Kai, an auna arziki, ƙarfen bai lanƙwashe ba!"

"Tir da kai, Royce!" in ji Verna. "Juyo ka ga saitin idonka a kwance. Juyo mana, mai zare!"

Bai iya juyowa ba.

Ta kai motar gareji da kanta, aka cire zoben, aka yi saiti. Fasasshiyar tayar kuwa ta ɗora ta a kujerarsa ta teburin cin abinci, wayoyinta cirko-cirko. Har yau tana nan. A tsaye Royce yake cin abinci.